Kundin ɗalibi kamar saniya yake a kara: sai an san hannun da ta fito

 Ga bayanin shirinmu na ilimi mun sa a takarda, saboda waɗanda shirin ya wuce su suna daji ko suna kan hanya. Wanda ya iya boko ya karanta wa na kusa da shi, Allah ya ba da lada.

Maganar yau ta kundin bincike ce, doguwar takardar nan da ɗalibi ke rubutawa kafin a sallame shi daga jami'a ko wata babbar makaranta. A Nijar yara na ce masa memuwar, a Najeriya su ce furojet. Wani zai ce, to ina ruwan mai sanda da kundi, ina ruwan mai awo? Ai kuwa da ruwanku, ta fuska biyu ma.

Ta farko, ku ne masu biya. An sayar da ɗan maraƙi an biya kuɗin makaranta, an taɓa jari an aika kuɗin bugu da na mota. Idan kundin nan ya faɗi, shekara ce ta tafi, kuɗi kuma sai an sake. Ta biyu, ku ake zuwa tambaya. Yaron nan mai jaka da biro da ya tsaya kanku a kara ko bakin mashaya yana cewa "Baba, don Allah ina da 'yan tambayoyi", maganarku zai kai makaranta, a ɗinke ta cikin littafi, a ajiye shekara da shekaru. Saboda haka ya kamata ku san yadda ake gina abin, da yadda ake faɗin inda aka samo kowace magana.

Tambaya ɗaya tak

Kundi bin sawu ne. Ɗalibi yana da tambaya guda da ta ɓace masa kamar yadda karsana ke ɓacewa, sai ya bi sawunta har ya kamo amsa, sannan ya nuna wa malamai hanyar da ya bi. Wanda ya fita bin sawun garke goma lokaci ɗaya, ko ɗaya ba zai kamo ba.

A nan yara da yawa ke fara tuntuɓe. Yaro ya ce zai yi rubutu kan "kiwo a Afirka ta Yamma". Wannan ko farfesa ya shekara ashirin bai gama ba. Take mai kyau yana amsa abu uku: me, a ina, yaushe. A ce misali: yadda rufe iyakar Najeriya ya shafi cinikin shanu a kasuwar Maigatari, daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Kun ga an san kaya, an san kasuwa, an san lokaci. Yaro zai iya zuwa ranar Alhamis ya tarar da dillalai, ya zauna da su.

Kada ku raina faɗin wurin nan. Ku da kuke hanya kun fi kowa sani cewa ba rana ɗaya aka buɗe ƙofofin ba. Maigatari da Illela suna cikin waɗanda aka buɗe a Disamba 2020, amma Jibiya sai Afrilu 2022. Ɗalibin da ya rubuta "an buɗe iyaka a 2020" bai faɗi wace ƙofa ba, ya faɗi gaskiyar ɗan Dungas, ya yi wa ɗan Maraɗi ƙarya.

Yadda ake jera ginin

A yawancin makarantun Najeriya kundin digirin farko babi biyar ne. A jami'o'in Nijar, irin su ta Abdou Moumouni a Yamai da ta Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, an fi kasa shi ɓangare biyu ko uku, kowane ɓangare da babinsa. Sunaye ne suka bambanta, ƙashin bayan ɗaya ne.

Kafin babi na ɗaya akwai 'yan shafukan zaure: take, sadaukarwa, godiya, ƙunshiya, sai tsakure. Tsakure shi ne kundin gaba ɗaya a dunƙule cikin rabin shafi ko shafi guda. A gaba ake sa shi, amma shi ake rubutawa a ƙarshe, don ba a faɗin yadda kasuwa ta ci tun ba ta watse ba.

Babi na ɗaya gabatarwa ce. A nan ɗalibi zai faɗi matsalar da ta tayar da shi, manufarsa, tambayoyin da yake son amsawa, da farfajiyar binciken, wato iyakar da ya shata wa kansa: nan zan tsaya, can ba zan shiga ba.

Babi na biyu bitar ayyukan da suka gabata ne. Kafin ka haƙa rijiya ai sai ka tambayi inda na gaba suka haƙa, da inda suka tarar da dutse. Harkarku ba yau aka fara nazarinta ba. Wani Bature mai suna Abner Cohen ya zauna da Hausawan Sabo a Ibadan, ya fitar da littafi a 1969 wanda ya bayyana yadda masu gida da dillalai ke riƙe cinikin shanu da goro bisa bashi da amana. Emmanuel Grégoire kuma ya fitar da littafi kan alhazan Maraɗi a 1986, yadda suka taso da yadda iyaka ta shiga cikin arzikinsu. Ɗalibin da zai yi rubutu kan fataucin iyaka bai leƙa irin waɗannan ba, zai sha wahalar gano abin da aka riga aka gano. Sai dai bita ba jera sunaye ba ce kamar kiran rajista. Ana so ya ce: wane ya ce kaza, wane ya saɓa masa a nan, ga kuma giɓin da duk suka bari, shi zan cike.

Babi na uku hanyar bincike ce, kuma nan ne malamai ke gane mai gaskiya. Mutum nawa ka tambaya? Yaya ka zaɓe su? Dillalai zalla ne, ko ka ji ta bakin makiyaya da mahauta da masu mota da matan da ke sayar da nono? Wane lokaci ka je? Wanda ya tambayi farashin rago saura mako guda Layya da wanda ya tambaya bayan Salla da wata biyu, ba amsa ɗaya za su kawo ba. Da wane harshe aka yi hirar? Idan da Fulatanci ko Tamashek aka yi ta hannun tafinta, dole a faɗa, don magana takan rage ko ta ƙaru a bakin tafinta.

Babi na huɗu shi ne sakamako, abin da aka samo. Jadawali, lissafi, maganganun mutane. Dokarsa ita ce a raba abin da aka gani da abin da ɗalibi ke zato. Kuma ba a ɓoye wanda ya saɓa. A ce mutum 30 aka tambaya, 22 suka ce ciniki ya faɗi, 8 suka ce su a lokacin ma suka fi samu. To takwas ɗin nan ba shara ba ne, wataƙila ma a wurinsu sabon ilimin yake.

Babi na biyar kammalawa da shawarwari. A komo kan tambayar farko a ba ta amsa. Ba a shigo da sabon zance a nan, kuma shawara sai wadda ta fito daga abin da aka samo. Daga nan sai manazarta, wato jerin duk littattafai da takardun da aka dogara da su, sai rataye, inda ake maƙala takardar tambayoyi da taswira da hotuna. Bayan an ɗinke, a makarantu da yawa ɗalibi zai tsaya gaban malamai ya kare aikinsa da baki. Tambayar da ba ta taɓa ƙarewa a wannan zaman ita ce: ina ka samo wannan?

Madogara: takardar shaidar magana

To ga inda saniyar nan ta shigo. A kara, baƙo ya jawo bijimi mai kyau, farashi da sauƙi, amma babu dillalin da ya san shi, babu mai tsaya masa, babu takarda. Wane mai hankali ne zai saya? Kyan dabba ba ya wanke ta. Haka magana take a kundi. Kome daɗinta, idan ba a san daga hannun wa ta fito ba, malami zai ɗauke ta ɗayan biyu: ko ƙirƙira ce, ko ta sata ce. Faɗin inda aka samo magana shi ake kira madogara.

Wannan tarbiyya ba boko ne ya kawo mana ita ba. Malaman hadisi tun fiye da shekara dubu suke bin isnadi, wane ya ji daga wane, shi kuma daga wane, har su auna kowane mai ruwaya. A ƙasarmu ma Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi guda musamman don ya lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu da abin da ya karanta. Boko dai ya zo da nasa salon rubutawa ne.

Abu uku ne dole a yi musu madogara. Na ɗaya, maganar wani da aka ɗauko baki da baki. Ita sai an sa ta tsakanin alamun zance, a faɗi shafin da take. Na biyu, ra'ayin wani da ɗalibi ya sake faɗa da kalmominsa. Nan ne yara ke ruɗuwa, su ɗauka tunda sun sauya kalmomi abin ya zama nasu. Ko ka shafa wa saniyar wani toka ka sauya mata igiya, mai ita zai gane abarsa. Na uku, lissafi da taswira da hoto da jadawalin da wani ya haɗa. Abin da ba ya bukatar madogara shi ne sanin kowa, kamar a ce Birnin Ƙonni na maƙwabtaka da Illela, da kuma abin da ɗalibi ya gano da kansa.

Salon rubuta ta iri biyu ne aka fi gani a yankinmu. Akwai na suna da shekara: ana gama magana sai a buɗe baka a sa sunan marubuci da shekarar bugu, kamar haka (Grégoire, 1986), in kuma maganarsa ce baki da baki a ƙara lambar shafi. Salon da ake kira APA irin wannan ne. Wata ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ce ta tsara shi, bugu na bakwai ya fito a ƙarshen 2019, kuma makarantu da yawa shi suke bi. A salon nan, idan marubuta sun kai uku, sai a sa sunan na farko a ce "da wasu", idan maganar da aka ɗauko ta kai kalma 40 sai a ware ta a sakin layi nata daban. Salo na biyu shi ne na 'yar ƙaramar lamba a kan magana, bayanin kuma ya sauko ƙasan shafi. Masu tarihi da masu shari'a sun fi son wannan, musamman a makarantun da ke karatu da Faransanci. Ba wanda ya fi wani. Ɗalibi ya tambayi sashensu wanne suke bi, ya riƙe shi daga farko har ƙarshe, kada ya gauraya.

A ƙarshen kundi, cikin manazarta, kowane aiki sai ya amsa tambaya huɗu: wa ya rubuta, wace shekara, mene ne sunan aikin, a ina aka buga shi. Ana jera su bi da bi bisa harafin farko na sunan marubuci. Ga kuma ƙa'idar da makiyayi zai fi kowa ganewa: abin da ya fita da safe shi zai dawo da yamma. Duk sunan da aka ambata cikin babi sai a same shi a manazarta, duk wanda ke manazarta sai an ambace shi cikin babi. Ƙaro sunayen littattafan da ba a karanta ba don jeri ya yi tsawo, kamar aro shanun maƙwabci ne ranar da baƙi za su zo.

Saura ɗaya. Wani lokaci ɗalibi bai ga littafin asali ba, a littafin wani ya tarar an ambato shi. Gaskiya ita ce ya ce "wane ya ce kaza, kamar yadda wane ya ruwaito". Kada ya yi kamar da idonsa ya gani. Gani ya kori ji, amma wanda ya ji kawai ya faɗa cewa ji ya yi.

Idan majiyar kai ne

Yanzu bari in juyo gare ku, Baba Ardo, Alhaji, Hajiya mai ƙwarya. Kada wani ya sa ku ji kamar maganar baki ba ta kai ta takarda ba. Tarihin Damagaram da André Salifou ya fitar a 1971, da na Adar da Djibo Hamani ya fitar a 1975, sun haɗa tsofaffin takardu da abin da dattawa suka faɗa da baki. Yau jami'ar Damagaram da ta Tawa sunayen waɗannan malamai biyu suke ɗauke da su. A Yamai akwai cibiya guda, CELHTO, da aka kafa tun 1968 don tattara tarihin baka. Littafin rayuwar Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin tsohuwar a ƙasar Zazzau ya fito a 1954, har yau ana karanta shi a jami'o'in duniya. Kunne ya girmi kaka, kuma malaman jami'a sun san haka.

Ga yadda ɗalibi mai tarbiyya ke rubuta hira: sunan wanda aka yi hirar da shi, shekarunsa, sana'arsa, wurin da aka zauna, da ranar. Misali, Malam Wane, mai shekara kaza, dillalin awaki, hira a kasuwa kaza, ranar kaza ga watan kaza. Wasu sassan suna so a jera masu hira a shafi nasu daban, wasu a rataye, wasu kuma cikin rubutu kawai. Ko ma yaya ne, ba a yarda ya kwashi iliminku na burtali da mashaya da cutar dabba ya rubuta kamar shi ya haife shi ba.

Amma fa suna a takarda kaifi biyu gare shi. Kundi ba a ɗakin yaro yake tsayawa ba. Ana ajiye shi a ɗakin karatu, yanzu kuma makarantu da dama na ɗora su a intanet, inda kowa zai iya gani. Magana zarar bunu ce. Saboda haka kafin ku buɗe baki, kuna da haƙƙin ku tambaya: daga wace makaranta kake? Ina takardar da ta gabatar da kai? Me za a yi da maganata? Ba shi da ikon kunna na'urar ɗaukar murya ko ya ɗauke ku hoto sai da izininku. Kuna iya cewa "wannan tambayar a wuce ta", kuna iya tashi a tsakiyar hira, ba laifi ba ne.

Kuna kuma iya cewa a ɓoye sunanku. Wannan ba ya rage darajar kundi, ƙa'idar bincike ma ta tanade shi. Sai ɗalibi ya rubuta "wani dillali mai kimanin shekara 50" ko "mai amsa na 7", ya bayyana a babi na uku cewa ya sakaya sunaye don kare mutane. Zancen yawan garke, inda dabbobi ke kwana, ranar da ake tafiya da kuɗi, bashin da ke tsakaninku da wani, sa-in-sa da jami'an kan hanya, duk waɗannan a zamanin nan ba abin haɗawa da suna da gari ba ne. Ku lura kuma, ɓoye suna kaɗai ba ya isa idan siffar ta tona. In aka rubuta "sarkin dillalan kasuwa kaza", ai an gama faɗin ko wane ne.

Ku ma akwai naku nauyin. Ku raba masa abin da kuka gani da abin da kuka ji a bakin mota. Abin da ba ku sani ba ku ce ba ku sani ba, wannan amsa ce mai daraja. Kada ku ƙara yawan asara don zaton za a kawo taimako. Ɗalibi ba mai rabon tallafi ba ne, shi ma da kuɗin babansa ya zo. Ƙaryar da ta shiga kundi ɗaya, wani zai ɗauke ta ya dogara da ita, na bayansa ma haka, har wata rana ta shiga rahoton da za a yanke muku hukunci da shi.

Farashi da doka ba sa tafiya ba kwanan wata

A yankinmu lamba ba ta da ma'ana sai an faɗi abu huɗu: wane kuɗi, wace rana, wace kasuwa, wane ma'auni. "Buhun gero dubu talatin" ba bayani ba ne. Naira ko sefa? Sefa a ɗaure take da Yuro, 655.957 kan Yuro ɗaya, naira kuwa tana hawa tana sauka, 'yan canji shaida ne. Tiyar wannan kasuwa ba lallai ta yi daidai da ta waccan ba. In farashin sa ne, a faɗi irinsa da shekarunsa, don Azawak da Bunaji da Bokolo ba kuɗi ɗaya ba ne.

Doka ma haka. Ɗalibi kada ya tsaya ga "doka ta ce". Ya faɗi wacce, lamba nawa, ta wace shekara. Dokar kiwo ta Nijar mai lamba 2010-029 ta 20 ga Mayu 2010, wadda ta amince cewa yawon kiwo haƙƙin makiyayi ne, daban take da dokar 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa. Takardar shaidar ƙetare iyaka da dabbobi, mai ɗauke da yawan garke da rigakafi da hanyar da za a bi, ta samo asali ne daga shawarar ECOWAS, wato CEDEAO, ta 1998. Nijar kuwa ta fice daga ƙungiyar a Janairu 2025. Wanda zai ambaci wannan shawara dole ya faɗi wane lokaci yake magana a kai.

Waya, intanet da kundin saye

Saƙon murya da aka turo ta WhatsApp, an turo an sake turowa har ba a san bakin da ya fara ba, ba majiya ba ce, ji-ta-ji-ta ce. Abin da aka samu a intanet ana iya dogara da shi idan an san wa ya rubuta da ranar da ya rubuta, sai a haɗa da adireshin shafin. Mu ma a aikin jarida abin da aka koya mana ke nan: labari mai nauyi ba a sakin sa da majiya ɗaya.

Ga kuma manhajojin nan masu rubuta wa mutum amsa, irin su ChatGPT. Suna iya ƙirƙiro sunan marubuci da na littafi da shekara, tsaf kamar gaske, alhali babu littafin a duniya. Ƙa'ida mai sauƙi: abin da ɗalibi bai buɗe ya karanta da idonsa ba, kada ya sa shi a manazarta. Ya kuma tambayi makarantarsu abin da ta yarda da shi game da waɗannan manhajoji.

Mafi muni shi ne kundin saye, ko a kwafe na wani a sauya suna da gari. Sunan wannan satar fasaha. Makarantu da yawa na da manhajar gwada rubutu, kamar Turnitin, mai nuna inda shafi ya yi kama da wani. Ko babu na'ura, tambaya biyu gaban malamai ta isa, don ramin ƙarya ƙurarre ne. Hukuncin kan fara daga soke aikin, ya kai ga kora, wani lokaci ma a karɓe takardar digiri bayan an ba da ita. Idan yaro ya ce ku turo kuɗi "a yi masa" kundi, to ku sani kuɗin sayen saniyar sata yake nema. Kuɗin mota zuwa kasuwa, na bugu, na ɗinki, na kati, waɗannan halal ne, ku taimaka iyakar ƙarfi.

Abin da za ku tambayi naku

Ba sai kun iya karatu ba kafin ku duba aikin ɗanku ko 'yarku. Idan ya zo hutu, ku zaunar da shi bayan sallar isha'i ku ce: faɗa mini tambayarka cikin numfashi ɗaya, da Hausa. Su wa suka riga ka, me suka ce? Mutum nawa ka zauna da su, a ina, yaushe? Sun san za ka rubuta maganarsu? Sai ku sa yatsa a kowane shafi ku ce: wannan layin, daga hannun wa ya fito? In ya amsa ba inda-inda, ku sa masa albarka, aikinsa ne. In ya fara kame-kame, gara ku gano a tsakar gida da a gano a gaban malamai, tun da sauran lokacin gyara.

Ku kuma 'yan'uwana ɗalibai da wannan takarda za ta faɗo hannunku, ku ajiye ɗan littafi guda tun ranar farko. Duk abin da kuka karanta, nan take ku rubuta suna da shekara da shafi. Duk wanda kuka yi hira da shi, ku rubuta rana da wuri kafin ku hau mota. Kuma idan an gama, ku koma wurin dattawan da suka ba ku lokacinsu ku gaya musu abin da kuka samo. Bashi ne.

Mai tambaya ko ƙarin bayani ya aiko mana ta hanyar da aka saba, za mu karanta a shiri na gaba. Allah ya kiyaye hanya, ya ba da kasuwa, ya albarkaci dukiya da zuri'a.